Kokatil ɗinka ta ƙi daina saka ƙwai? Ga yadda za ka taka mata birki ba tare da ka kassara ta ba

Ranar da na ga ƙwai na farko a ƙasan kejin Yarima, wato kokatil ɗina, ƙaramin tsuntsun nan mai tukku dangin aku, sai da na bi yaran gidan da kallo ɗaya bayan ɗaya, don na ɗauka wani ne ya jefa abu a ciki ya tsokane ni. Wanda ya sayar min har rantsuwa ya yi wai namiji ne, ni kuma lokacin ban san komai ba, ga shi irin farin nan ne mai ruwan ɗorawa da ake ce wa lutino wanda ko 'yan harkar ma sai sun yi da gaske suke gane mace da namiji. To daga ranar dai Yarima ya koma Gimbiya. Da farko dariya muka yi ta yi, amma cikin wata huɗu ta zube min ƙwai goma sha tara, ba namiji ba komai, ta rame, gashinta ya dusashe, tsayuwa a kan sanda ma sai ta yi kamar za ta faɗo, kuma mafi yawan laifin nawa ne don duk wanda ta saka sai in ɗauke in yar, ina ganin taimakonta nake.

Eh, mace tana saka ƙwai ko babu namiji, kamar dai kajin leyas na gidan gona, ƙwan ne kawai ba zai ƙyanƙyashe ba. Asalin tsuntsun nan Ostireliya ne, can cikin ƙasar inda fari ya fi yawa, garke garke suke yawo suna bin ruwa da 'ya'yan ciyawa, kuma ba sa shiga hidimar haihuwa sai jikinsu ya ga alamomi sun haɗu, rana ta yi tsawo, abinci ya wadata, ga abokin zama, ga kogon bishiya mai duhu. Yanzu dubi gidanka. Ƙwan lantarki ko sola a kunne har sha ɗayan dare, kwanon gero a cike kullum, kai kana shafa mata baya, ga ƙarƙashin kujera tana shiga. Ai ka gaya wa jikinta damina ce shekara ɗungurungum. Duk aikin da ke gabanka shi ne ka shawo kan jikin nan ya yarda damina ta wuce, amma ba da yunwa ba.

Ka riƙe lissafin nan a ka. Lafiyayyar kokatil nauyinta tsakanin giram 80 zuwa 120 ne. A zubi ɗaya tana yin ƙwai 4 zuwa 7, yau ta saka gobe ta huta jibi ta saka, sannan ta yi kwanci kwana 18 zuwa 21. Kowane ƙwai giram biyar zuwa shida ne, kaga ƙwai shida kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin jikinta kenan ta fitar cikin mako biyu. Ɓawon kuma kalsiyam ne, in babu a abinci daga ƙashinta jiki zai ɗiba. Kuma wannan kalsiyam ɗin dai shi tsokar mahaifa ke buƙata ta yi naƙuda ta turo ƙwan waje, shi ya sa wadda ta daɗe tana zuba take ƙarewa da ƙwai mai taushin ɓawo da mahaifa mara ƙarfi, sai ƙwan ya maƙale. Zubi ɗaya ko biyu a shekara jiki zai iya ɗauka in abinci na da kyau. In ta wuce haka, ko ta zarce ƙwai bakwai takwas ba tsayawa, matsala ce.

Kafin komai: duba ko ƙwai ya maƙale

Wannan na sa shi gaba don shi ne mai kisa. In ka ga ta sauko ƙasan keji ta kumbura gashi ta lumshe ido, ta ware ƙafafu kamar agwagwa, jela na sama da ƙasa tare da numfashi, tana yunƙuri ba abin da ke fita, ƙasan ciki ya kumbura, kashi ya ɗauke ko ya ragu sosai, ko ƙafa ɗaya ta saki kamar ta shanye saboda ƙwan ya danne jijiya, to ka ajiye karatun nan ka nemi likitan dabbobi yau ba gobe ba. Ƙaramin tsuntsu ba ya jure wannan, wani lokaci awanni ne kawai.

Kafin ka isa, sa ta a ƙaramin kwali mai huji ka shimfiɗa tawul, ka naɗe gorar ruwan ɗumi da tsumma ka ajiye a gefe ɗaya yadda in zafi ya dame ta za ta matsa, ɗumin wajen digiri 30 ya isa, ruwa da gero a kusa da bakinta. Dan Allah kar ka matsa cikin wai za ka taimaka ya fito, in ya fashe a ciki ka ƙara mata bala'i. Kar ka ɗura mata man gyaɗa ko manja a baki, shaƙewa za ta yi ya tafi huhu. In kuma ka ga jan nama ya leƙo ta mafitar, ka riƙa jiƙa shi da ruwan da aka tafasa ya huce kar ya bushe, kar ka tura shi ciki da kanka. Ba kowane likitan dabbobi ne ya saba da irin tsuntsayen nan ba, da yawa kaji da shanu suka fi sani, don haka tun tana lafiya ka tambaya ka ajiye lambar wanda ya iya. Asibitocin koyarwa na likitan dabbobi irin na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko na Sakkwato da Maiduguri wuri ne mai kyau na fara tambaya in kana kusa.

In kuma tana cin abinci tana kashi tana tsiwarta yadda ta saba, to mu tafi.

Mataki na ɗaya: bar mata ƙwanta

Duk wanda ya taso a gidan da ake kiwon zabi ya san dabarar nan, kana kwashe ƙwai kana barin kaɗan, zabuwa ta yi ta zuba don lissafinta bai cika ba. Kokatil ma haka jikinta yake, in ka ɗauke za ta maye gurbinsa, ka sake ɗaukewa ta sake, har ta ƙarar da kanta. Abin da na yi wa Gimbiya kenan wata huɗu.

Saboda haka in ta saka ka bar shi. Ka shimfiɗa 'yar takarda ko ka sa faranti mara zurfi a kusurwar kejin don kar ya yi ta gangarawa, amma a fili, ba akwati ba, ba kwando mai rufi ba. Ta cika lissafinta ta hau kwanci. Za ta zama masifaffiya, tana huci tana lilo da jiki tana kai sara in ka matso, ƙyale ta, kawai ka matso da ruwa da abinci kusa. Za ka ga kashinta ya zama ƙato mai wari don riƙewa take sai ta tashi daga kan ƙwan, wannan ba ciwo ba ne.

Ka ƙirga wajen mako uku daga ƙwai na ƙarshe. Yawanci da kanta za ta gaji, ka ga ta koma kan sanda tana kwana ta daina kula su. Ka ƙara mata kwana biyu uku ka tabbatar, sannan ka kwashe, kuma a ranar ka birkita tsarin kejin gaba ɗaya, zan zo kan wannan.

Akwai ƙwan roba da ake sayarwa daidai girman nata, in ka samu ka sayi bakwai ka ajiye, suna da amfani biyu. In na gaske ya fashe sai ka musanya don fasasshen ƙwai wari yake kuma yana tara ƙwayoyin cuta. Na biyu, da zarar ta saka na farko sai ka cika mata da na roba su zama shida ko bakwai, sau da yawa in ta ga gida ya cika sai ta tsaya a biyu ko uku. Ba kullum yake ci ba amma a wurina ya ci. In babu na roba, farin dutse mai santsi ko ƙwallon gilashi fari mai kusan girman ƙwan wasu suna yarda da shi wasu su ture shi gefe, gwaji ne. In kuma akwai namiji a kejin kuma ba ka son 'ya'ya, ka ɗauki kowane ƙwai ranar da aka saka shi ka dafa, ya huce sarai, ka yi masa alama da fensir ka mayar.

Af, masu cewa "ai miji take so, a nemo mata miji" na ji wannan ya fi sau goma. Namiji ba ya rage ƙwai, ƙara wa wutar fetur yake.

Mataki na biyu: tsawaita mata dare

A Kano da kewaye tsawon rana bai cika wuce awa 11 da rabi zuwa kusan 13 ba duk shekara, kenan ba rana ce ke ruɗa ta ba, fitilarmu ce da talabijin da hirar falo. Tsuntsuwar da ke falo har sha ɗaya kuma a tashe ta da asuba tana ganin haske awa 17, jikinta cewa zai yi lokacin haihuwa ne.

Ka ba ta duhu awa 14 a makonnin farko, misali daga magariba zuwa takwas na safe, in abubuwa sun lafa ka dawo 12. Kuma duhu na gaske da shiru, ba ka yafa zani a keji kana kallon ƙwallo a gefenta ba. Ni ƙaramin keji na biyu na saya na kwana na ajiye a ɗakin da ba kowa. Abu uku ka kiyaye. Kashe makunnin ɗakin, don in aka kawo wuta ƙarfe biyun dare fitila ta kama aikin ya ɓaci. Lokacin bazara kar ka lulluɓe keji da bargo, zafi zai kashe ta kafin ƙwai ya kashe ta, yadi mara nauyi a gefe uku ya isa, iska na shiga. Sannan ɗakin kar a kunna maganin sauro ko a fesa, kar a sa turaren wuta, huhun tsuntsu ba irin namu ba ne, hayaƙin da kai ko tari ba zai sa ka ba ita zai iya kai ta lahira.

Wani abu da kokatil ta yi suna a kai shi ne firgitar dare, ɓera ya gifta ko hasken mota ya haska sai ta hau fuffuka tana dukan keji a duhu har gashi ya karye jini ya zuba. In taka mai yin haka ce ka bar ɗan haske dishi dishi can nesa a ƙasa, wanda zai sa ta ga sanda amma ba zai zama rana ba.

Mataki na uku: rushe duk abin da ya yi kama da sheƙa

Akwatin sheƙa, 'yar bukkar yadi da ake ratayawa, ƙwarya, kwanon abinci mai faɗi da take zama a ciki, duk fitar da su. Takardar ƙasan keji in tana yagawa tana tarawa sa ta ƙarƙashin raga inda baki ba zai kai ba. In ka sake ta a ɗaki ka lura da inda take nufa, ƙarƙashin gado, bayan firij, cikin durowa, cikin takalmi, bayan filo. Gimbiya cikin hijabin matata take shigewa ta lafe, muna ta cewa ƙauna ce, ashe kogon bishiya ta samu.

Sannan ka hana ta sakankancewa. Tsuntsuwa ba ta zuba ƙwai a inda ba ta yarda da zamansa ba, don haka duk mako ko biyu ka sauya wurin sanduna da kwanuka da kayan wasa, ka matsar da kejin wani gefen ɗakin. Ba tsorata ta za ka yi ba, ɗan rikita lissafi ne kawai. Amma ba lokacin da take kan ƙwai ba, sai ta tashi.

Mataki na huɗu: hannunka

Wannan shi ne wanda mutane ba sa son ji. A wurin tsuntsu, shafa baya da ƙarƙashin fiffike da gindin jela aikin miji ne. In kana yi kuma ka ga ta kwantar da gaba ta ɗaga jela tana wani ƙaramin kuka ƙasa ƙasa, to kai ne mijin. Susa a kai da wuya da kumatu kawai, nan ne 'yan garke ke yi wa juna. In ta fara ɗaga jela a hannunka ko kafaɗarka, ba faɗa ba duka, mayar da ita kan sanda ka ba ta wani abin yi. Ka gaya wa yara da duk mai ɗaukarta, don mutum ɗaya ya isa ya rushe aikin.

Madubi ma fitar da shi, da duk wani abin wasa da take gogawa a jiki ko take yi wa amai. In akwai namiji ka raba keji, in da hali ɗaki ma daban don kiransa kaɗai yana tayar mata.

Mataki na biyar: abinci, inda aikin gaske yake

Yawancinmu gero muke ba su, wani ya haɗa da dawa da gyaɗa da 'ya'yan sunfulawa, a cika kwano a tafi. Matsala biyu ce a nan a lokaci guda, kuma suna jan juna. Abincin ya yi maiƙo da yawa har jiki na ganin wadata ce a haihu, kuma a lokaci guda ba shi da kalsiyam da bitamin A da za su riƙe mai haihuwar. Wato kana tura ta gona ba fartanya.

Amma ka ji wannan da kyau, in tana tsakiyar zuba ko kwanci ba lokacin rage abinci ko sauya shi da ƙarfi ba ne. Lokacin ƙari ne, ganye da kalsiyam da ɗan dafaffen ƙwan kaza kaɗan sau ɗaya ko biyu a mako. Sai ta tashi daga kan ƙwai sannan ka fara gyaran.

Abin da za ka fara janyewa shi ne masu maiƙo, sunfulawa da gyaɗa da riɗi, su koma lada, ƙwaya biyu uku in ta yi abin kirki. Gyaɗa ma ni na daina gaba ɗaya saboda fumfuna, wadda ta sha damshi a ajiya tana ɗauke da guba mai lalata hanta kuma ido ba ya gani. Na biyu, abinci mai laushi da ɗumi, tuwo, koko, shinkafa da zafinta, taliya, musamman daga hannunka ko bakinka. A yawancin dangin aku namiji ne ke amayo wa mace abinci mai ɗumi lokacin neman aure, kaga saƙon da kake aikawa. Na uku, daina cika kwano. Cokalin cin abinci ɗaya da rabi zuwa biyu a shafe ya ishi kokatil ɗaya a yini, ka raba safe da yamma. Kuma ka sa ta yi aiki kafin ta ci, ka watsa a tire cikin tsinken ciyawa mai tsabta ko ka ƙunshe a 'yar takarda ta yage, dama can a ƙasa suke kiwo. Tsuntsuwar da ta yini neman abinci ba ta da lokacin tunanin sheƙa.

Abin da ya fi shi ne felet na aku, wato abincin da aka niƙa aka haɗa komai aka dunƙule ƙanana, irin su Harrison's da Roudybush da ZuPreem, ka nemi girman kokatil. Likitocin tsuntsaye galibi suna son ya zama rabi zuwa kashi biyu cikin uku na abincin, ganye da kayan lambu su biyo, tsaba ta zama kaɗan. Na san yana da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba, amma tsuntsuwa ɗaya ba ta cin abin kirki, ƙaramar jaka tana daɗewa in ka rufe ta da kyau.

Sauyawar ce sai da haƙuri, don kokatil tana da taurin kai, za ta iya zama da yunwa a gaban kwano cike da abin da ba ta sani ba har ta mutu, ba wasa nake ba. Ga yadda na yi. Makon farko na daka felet ya zama gari na barbaɗa a kan geron da ta saba don bakinta ya san ɗanɗanon. Mako na biyu da safe lokacin da yunwa ta fi, felet kaɗai na awa biyu, na watsa a kan tebur ina ƙwanƙwasa shi da farce kamar ina tsatstsaga, sai ta zo ganin me nake ci, bayan nan in kawo gero. Daga nan kullum ina ƙara tsawon lokacin felet ina rage gero kaɗan kaɗan. Ya ɗauke ni wajen wata biyu. Kar ka yarda da ganin ɓarɓashi a kwano, wani lokaci murƙushewa kawai take ba ta haɗiya. Kashi za ka duba, in ya zama ɗan mitsitsi baƙi baƙi ko kore shar kuma ya ragu, ba ta ci, koma baya ka ba ta geronta.

In felet ya gagara, ba a rasa abin yi ba. Ka haɗa tsaba iri iri, gero da dawa da acca da alkama, masu tsabta ba ƙura ba maganin ƙwari, sannan ka dage da ganye kullum. A nan mu Allah ya ba mu zogale, ga kalsiyam ga abin da jiki ke mayarwa bitamin A, ka tsinko reshe ɗanye ka wanke ka rataya a keji da jiƙarsa, sun fi son su yage da kansu a kan a yanka musu a kwano. Sai karas a goge, kabewa, tattasai, kuɓewa, dafaffen dankalin Hausa da ya huce a yanka ƙanana, dafaffen wake kaɗan wanda ya nuna sosai, ɗanye kam a'a. Alayyafo a ba da jefi jefi don yana da sinadarin da ke riƙe kalsiyam ya hana jiki sha. Latas kusan ruwa ne kawai. Kayan marmari ba su dame su ba, ɗan gwanda ko mangwaro in ta so. Ka wanke komai sosai saboda feshi, kuma ka kwashe ragowar bayan awa biyu uku, da zafin nan namu nan da nan yake lalacewa.

Waɗanda ba a ba ta ko da wasa: avokado da wasu ke kira fiya, cakulan, shayi, kofi, goro, albasa, tafarnuwa, duk abu mai gishiri ko magi. Kuma kar a ajiye keji a kicin, hayaƙin kaskon nan mara kamu in ya yi zafi sosai yana kashe tsuntsu cikin mintuna.

Kuskure biyu da na ga 'yan uwa masu kiwo suna yi. Ɗaya, ba ta abincin kajin leyas wai ai akwai kalsiyam. An haɗa shi ne don kazar da ake so ta yi ƙwai kusan kullum, kishiyar abin da kake nema, kuma kalsiyam ɗinsa ya yi wa ƙodar kokatil yawa. Biyu, kanwa. Kanwa dangin gishiri ce ba kalsiyam ba, ka bar wa tumaki. Tsakuwa irin ta tattabaru ma ba ta buƙata, ita ɓare tsaba take kafin ta haɗiye.

Mataki na shida: kalsiyam da rana

Ka rataya katilbon, farin ƙashin nan mara nauyi na wata halittar teku da masu kayan tsuntsaye ke sayarwa, gefen mai laushi ya kalli ciki. In ba ta taɓa shi, kankare shi da wuƙa a kan ganye. In babu, ɓawon ƙwan kaza, ka wanke ka tafasa minti goma ka shanya ya bushe ƙarau ka daka ya yi laushi kamar gari, ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka sau biyu ko uku a mako, kullum in tana zuba.

Sai dai kalsiyam ba ya shiga jiki sai da bitamin D3, shi kuma daga hasken rana jiki ke haɗa shi, kuma hasken da ya ratso gilashin taga ba ya yi. Fitar da kejin tsakar gida da hantsi minti 20 zuwa 30 sau biyu uku a mako, rabin kejin a inuwa, ƙofa a ɗaure, kai kuma kana wurin saboda mage da shirwa. In ta buɗe baki tana haki ta ware fiffike, zafi ya yi yawa, shigar da ita. Kar kuma ka haɗa felet da ɗigon bitamin na cikin ruwa da garin kalsiyam duk a lokaci guda ba da shawarar likita ba, D3 in ya yi yawa shi ma ƙoda yake ci.

Mataki na bakwai: sikeli da ɗan littafi

Sayi ƙaramin sikelin kicin mai auna giram. Kullum da safe kafin ta ci ka ɗora ta ka rubuta, tare da ranar kowane ƙwai da yadda ɓawonsa yake. Gashi yana ɓoye rama, sikeli ba ya ɓoyewa. In tana sauyin abinci ta zubar da kusan kashi goma cikin ɗari na nauyinta, tsaya. In kuma ka ga nauyi ya yi tsalle da giram biyar zuwa goma cikin kwana kaɗan, kashi ya ƙara girma, ta fara neman lungu, ƙwai na hanya, sai ka tsaurara duhu ka fito da na roba. Ƙwai mai taushi, ko mai gurji gurji, ko mai jini a jiki, ko ciki ya kumbura ba ƙwai ya fito ba, duk na likita ne, don wani lokaci gwaiduwa ce ke zubewa a cikin ciki ta kawo kumburi.

In duk ka yi ta ƙi

Akwai masu taurin da ko ka yi komai daidai wata biyu uku sai sun zuba. Nan likita zai shigo da magani. Akwai allurar leuprolide da ake maimaitawa bayan 'yan makonni, akwai kuma deslorelin, ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa da ake sawa ƙarƙashin fata ya riƙe ta watanni. Duka biyun hutu suke ba jiki, in suka sake ta kuma gidan na nan yadda yake da fitila da shafa baya, za ta koma ruwa. Tiyatar cire mahaifa ita ce ta ƙarshe, tana da haɗari a tsuntsu mai giram ɗari, sai ƙwararre. Kar wani ya ba ka shawarar allurar tazarar haihuwa ta mutane daga kemis, an taɓa amfani da irinta a tsuntsaye a da, likitoci suka ja baya saboda tana kawo ƙiba da ciwon hanta da ciwon suga.

Gimbiya dai ba mu kai ga allura ba. Bayan na bar mata ƙwai bakwai ta yi kwancinta ta gaji ta tashi, sai da ta ƙara zubi ɗaya bayan wata biyu, ƙwai uku, na cika da na roba ta tsaya. Yanzu nauyinta na yawo tsakanin giram 92 da 95, tana shiga ɗakin kwananta da kiran magariba, zogale kuma in ban rataya da wuri ba ihu take min har sai na fito. Ƙwan roban suna cikin gwangwani a saman firij, ranar da sikeli ya nuna 100 nake sauko da su.